Layin da ke Jikin Ƙwallon Golf: Aikinsa da Iyakarsa

Duk wanda ya taɓa zama gaban talabijin ana nuna wasan golf, ko da jiran a fara ƙwallon Ingila yake yi, ya ga wannan abin. Ɗan wasa zai iso dab da rami, maimakon ya buga kowa ya huta, sai ya sunkuya ya ajiye wani abu kamar kwabo a bayan ƙwallonsa, ya ɗauke ta ya goge. Ya koma baya ya tsuguna yana ƙura ido, ya dawo ya ajiye ta, ya ɗan juya ta, ya sake komawa baya. Mai kallo ya ƙosa ya ce, "Kai, wannan wane irin iyayi ne? Ga rami nan a gabanka!"

To, akwai abin da yake yi. Idan kyamara ta matso sosai za ka hango wani siririn layi a jikin ƙwallon, wani baƙi, wani ja, wani kuma rubutun kamfani ne da aka yi wa kibiya gaba da baya. Wannan layin yake saitawa. 'Yan'uwa ɗalibai, na zaɓi batun ne domin cike yake da abubuwan da ake koya mana a aji: lissafin kusurwa, aikin safiyo, har da ma'aunin Vernier da ke wakshof. Layin yana da aiki guda ɗaya da ya iya sosai, akwai kuma ayyukan da mutane ke ɗora masa waɗanda ba nasa ba ne.

Da farko, ina ake wannan bugun?

Golf, wanda wasu gidajen rediyo ke kira ƙwallon lambu, wasa ne na ramuka 18. A kowane rami ɗan wasa yana farawa daga nesa, wani lokaci mita 400 ko fiye, ya yi ta bugun ƙwallo da sanduna iri-iri har ta faɗa ramin. Wanda ya gama da mafi ƙarancin bugu shi ya ci. Kewaye da kowane rami akwai fili mai ciyawar da aka aske ta kwanta luf kamar darduma, shi ake kira girin. Da zarar ƙwallo ta hau girin an daina cilla ta sama, sai dai a mirgina ta a ƙasa da wata sanda mai shafaffiyar fuska da ake kira fota.

Kada ka raina wannan ɗan mirginawa. A filin da aka ƙayyade wa ƙwararre bugu 72, lissafin da aka saba yi shi ne bugu biyu a kan kowane girin, 36 ke nan, rabin wasan cif. Kuma bugun da ya tafi mita 270 da wanda ya tafi rabin mita, kowanne ɗaya ake rubuta masa a kati. Farfesa Mark Broadie na Jami'ar Columbia a Amurka ya yi nazarin alƙaluman gasar PGA Tour, ya fitar da littafi a kai a 2014. Cikin abin da ya nuna akwai cewa daga nisan ƙafa 8, wato kusan mita biyu da rabi, ƙwararrun duniya rabin bugunsu kaɗai ke shiga. Mutanen da ba su da wata sana'a sai wannan fa! Me ya sa abin yake da wuya haka?

Lissafin digiri ɗaya

Ɗauko kalkuleta. Faɗin ramin golf inci 4.25 ne, wato milimita 108. Ita kuma ƙwallon doka ta ce faɗinta kada ya gaza inci 1.68, kusan milimita 43. Daga tsakiyar rami zuwa bakinsa milimita 54 ke nan.

Yanzu a ce kana nesa da rami da mita 3, ƙasa a shafe take ba gangara, sai ka kauce da digiri ɗaya tak. Tan na digiri ɗaya 0.0175 ne. Ka ninka shi da milimita 3,000, za ka samu kusan 52. Ma'ana, lokacin da ƙwallon za ta iso, tsakiyarta tana kan leɓen rami. Tana iya faɗawa, tana iya zagaya bakin ta fito. Idan kaucewar ta kai digiri biyu kuwa, ko gaisawa da ramin ba za ta yi ba.

Haka lissafin yake tafiya da nisa. A mita 1 kana da sararin kusan digiri 3 dama ko hagu. A mita 2 ya ragu zuwa digiri ɗaya da rabi. A mita 6 rabin digiri ya rage maka. Don ka san ƙanƙantar digiri ɗaya, dubi agogon bango. Tsakanin alamar minti ɗaya da ta gaba digiri 6 ne. Ka raba wannan ɗan tsakanin gida shida, ka ɗauki ɗaya. Shi ne duk abin da ke tsakanin tafi da tsaki a mita 3.

Wani abin kuma, inda ƙwallo za ta dosa a farkon tafiyarta ya fi dogara ga inda fuskar fota ke kallo a lokacin da ta taɓa ta. Hanyar da sandar ta biyo tana da nata tasirin, amma na fuskar ya fi yawa nesa ba kusa ba. Saboda haka babbar tambayar ita ce, yaya mutum zai tabbatar fuskar fotarsa tana kallon inda yake so?

Ido yana yaudara daga gefe

Ku da ke karanta safiyo kun san yadda ake jera sandunan awo a kan layi ɗaya. Mutum yana tsayawa a bayan sanda ta farko, ya kalli ta ƙarshe, ya riƙa cewa da abokinsa matsa dama, matsa hagu. Ba wanda yake tsayawa a gefe ya ce zai jera su. Mai buga sunuka ma sai ya sunkuyo da haɓarsa kan sanda, ya kalli ƙwallon da zai buga ta bayanta.

Ɗan golf bai da wannan gatan. Doka ta hana shi ya ɗaura ƙafafu a kan layin bugunsa ya tura ƙwallo gaba a kan girin, dole a gefe zai tsaya. Kansa a sunkuye, yana kallon ƙasa, in zai duba rami sai ya juya wuya. A wannan tsayuwar, abin da yake miƙe sai ya zama kamar ya karkata. Wani yana ganin ya saita tsakiyar rami alhali dama ya dosa, wani hagu, kuma kowa da irin tasa karkatar, ya danganta da idon da ya fi ƙarfi da inda kansa yake. Abin haushin shi ne mutum ba ya jin ya kauce. Sai hannu ya koyi gyara kuskuren ido a lokacin bugu, yau gyaran ya yi daidai, gobe ya wuce.

A da, wasu ƙwararru sukan sa mai ɗaukar musu jaka, wanda ake kira kadi, ya tsaya a bayansu ya duba musu saiti. Hukumomi biyu da ke rubuta dokokin golf, R&A ta garin St Andrews a Sikotilan da USGA ta Amurka, sun hana wannan daga Janairun 2019. A cikin watan nan, a gasar Dubai Desert Classic, aka ci tarar Li Haotong ɗan ƙasar Sin bugu biyu a girin na ƙarshe saboda kadinsa yana bayansa lokacin da ya fara tsayuwar bugu. Tarar ta sauko da shi daga matsayi na uku zuwa na 12. Haka kuma doka ba ta yarda ka shimfiɗa sanda ko wani abu a ƙasa don ya nuna maka hanya ba.

Abin da doka ta bari shi ne layin da ke jikin ƙwallon kanta. An yarda ka yi wa ƙwallonka alama da maka, hasali ma ana so ka yi don ka gane taka. An yarda ka ɗauke ta a kan girin ka goge, kuma in za ka mayar, kana iya juya ta yadda kake so. Ka ga aikin layin ya fito ke nan. Kana tsugune a baya, inda ido ya fi faɗin gaskiya, ka yanke shawarar inda za ka dosa. Layin ya riƙe maka wannan shawarar har ka miƙe ka koma gefe, inda ido ke fara yaudara. Kamar allin tela ne a jikin yadi: lokacin awo ake tunani, lokacin yanka sai bin alli.

Yadda ake yi

Na farko, zana layin. Ana sayar da wata 'yar roba mai kama ƙwallo, da tsaga a tsakiya, sai a bi tsagar da makar da ba ta gogewa. In ba ka da ita, duk wani abu mai zagayayyen baki da ƙwallon za ta nutse a ciki zuwa rabi zai yi, ka bi bakinsa da makar. Abin lura shi ne layin ya bi ta tsakiyar ƙwallon sosai, ya raba ta gida biyu daidai. In ya goce gefe, daga sama zai yi kama da lanƙwasasshe. Kamfanoni da yawa ma suna buga rubutun gefen ƙwallo a miƙe don a yi wannan aikin da shi.

Na biyu, sa alama. Ka ajiye kwabo ko wani ɗan shafaffen abu dab da bayan ƙwallon kafin ka taɓa ta.

Na uku, karanta girin. Wannan shi ne aikin ƙwaƙwalwa, kuma layi ba ya taya ka ko kaɗan. Ina ƙasa ta gangara? Hawa za ka yi ko sauka? In girin ya karkata daga dama zuwa hagu, ƙwallon za ta lanƙwasa hagu a hanya, saboda haka sai ka dosa wani wuri a daman rami, misali faɗin tafin hannu biyu. Nan ne masu koyo suka fi faɗawa: suna nuna layin ga rami kai tsaye a kowane bugu. Inda kake so ƙwallon ta fara dosa, nan layin zai kalla. Sauran aikin na gangara ne.

Na huɗu, ajiye ƙwallon a ainihin inda ka ɗauke ta, layin a sama, yana kallon wurin da ka zaɓa. Ka ja baya taku biyu ko uku ka duba. Wasu sukan ɗaga sandar fota a gaban ido ɗaya su rufe ɗayan, su ga ko gefen sandar ya bi ta kan layin ya kai wurin da ake nufi. In akwai gyara, ka yi shi alamar tana nan.

Na biyar, ɗauke alamar, ka ɗora fota a bayan ƙwallo. Yawancin fotoci suna da nasu ɗan layin a sama. Ka haɗa shi da na ƙwallon su zama layi ɗaya, daga nan ka gyara ƙafafu da kafaɗu su bi fotar. Fota ake fara saitawa, jiki ya biyo.

Na shida, kuma mafi wuya, ka daina tunanin hanya. An gama da ita. Ka kalli rami, ka auna nisa, ka buga da ƙarfin da ya dace.

Inda doka ke cizo

Mai yawan ɗaga ƙwallo da mayarwa dole ya san dokar abin. In ka juya ƙwallo ba ka sa alama ba, tarar bugu ɗaya ce, domin a wurin doka juyawa da ɗagawa duk ɗaya ne. In ka buga alamar tana nan ba ka ɗauke ba, bugu ɗaya. In kuwa ka mayar da ƙwallon wani wuri daban ka buga daga can, tarar bugu biyu ce.

Wanda yake ganin wasa ne ya tuna da Lexi Thompson ta Amurka. A Afrilun 2017, a babbar gasar mata ta ANA Inspiration a jihar Kalifoniya, ta sa alama ta ɗaga ƙwallonta a girin na 17 a zagaye na uku, ta mayar da ita 'yar tazara kaɗan daga inda take. Wani mai kallo a talabijin ya aika wa hukumar gasar saƙon imel. Washegari, tana tsakiyar zagayen ƙarshe kuma tana kan gaba, aka sanar da ita an ci ta tarar bugu huɗu: biyu na buga ƙwallo daga wurin da ba nata ba, biyu na sa hannu a katin da lissafinsa bai cika ba. Ta yi ƙoƙari ta kamo, aka yi kunnen doki, amma So Yeon Ryu ta Koriya ta Kudu ta doke ta a wasan raba gardama. Daga 2018 hukumomi suka daina karɓar irin wannan ƙorafi daga masu kallo a gida, sai dai dokar mayar da ƙwallo wurinta tana nan daram. Mai saita layi hankalinsa yana kan juyawa, shi ya sa ya fi kowa bukatar lura kada ƙwallon ta matsa.

Inda layin ke gazawa

Matsala ta farko, layin gajere ne. Komai tsawon da ka ba shi, in ka kalla daga sama bai wuce faɗin ƙwallon ba, milimita 43. Mu koma ga kalkuleta: 43 sau 0.0175 ya ba da 0.75. Wato in layin ya kauce da digiri ɗaya, bambancin da ke tsakanin kansa da gindinsa bai kai milimita ɗaya ba, bai ma kai kaurin zanen makar ba. Kuma mun ga abin da digiri ɗaya ke yi a mita 3. Ƙari a kan haka, jikin ƙwallon cike yake da 'yan ramuka, ciyawa kuma ba teburin gilashi ba ce, kana sakin hannu sai ta ɗan zauna gefe. Wanda ya ajiye layi a gurguje ya amince da shi, ya saita kansa ne a kan kuskure da cikakken ƙwarin gwiwa.

Kamfanoni sun san da wannan. A 2019 Callaway ta fito da ƙwallo mai layi uku a jere, jan layi mai kauri a tsakiya da shuɗi biyu sirara a gefe, ta sa masa suna Triple Track. Hujjarsu ita ce wata baiwa ta idon ɗan Adam: yana saurin gane layuka biyu da ba su haɗu baki da baki ba, ko da gocewar ƙanƙanuwa ce ƙwarai. A kan wannan baiwar Pierre Vernier na Faransa ya gina ma'auninsa a 1631. Duk lokacin da kake neman layin da ya haɗu da ɗan'uwansa a jikin ma'aunin Vernier a wakshof, ita kake amfani da ita. Sai dai a lura, wannan ya fi taimakawa wajen haɗa fota da ƙwallo, domin suna kusa da juna. Haɗa ƙwallo da wurin da ke nesa da mita 3 yana nan a wuyan idonka.

Matsala ta biyu ita ce ƙarfin bugu. Hanya da ƙarfi a ɗaure suke da juna. Ƙwallon da aka buga da ƙarfi ba ta lanƙwasa sosai, wadda aka lallaɓa kuma gangara tana janye ta da wuri. Saboda haka kowane layi da ka saita, na wani takamaiman ƙarfi ne. Ka saita shi don bugu mai laushi, ka zo ka narka mata ƙarfi, ta wuce ta saman rami, laifin ba na layi ba ne. Ƙwallo mai gudu ma ramin ƙanƙancewa yake yi mata, domin in ba tsakiya ta samu ba sai ta tsallake baki. Dave Pelz, masanin kimiyyar da ya yi aiki da hukumar NASA kafin ya koma koyar da golf, ya shahara da shawarar a buga da ƙarfin da in ƙwallon ta kuskure rami za ta wuce shi da inci 17, kusan santimita 43. Mai ƙura wa layi ido yakan manta da wannan ɓangaren, ya buga a miƙe sambal, ƙwallon ta tsaya taku ɗaya kafin rami. Taura biyu ba ta taunuwa. Shi ya sa a dogon bugu, mita 8 ko 10, inda burin shi ne a kai ƙwallo kusa don bugu na biyu ya zo da sauƙi, 'yan wasa da dama sukan juya layin ƙasa su bar farin gefe a sama.

Matsala ta uku, kokwanto. Ka saita daga baya, ka koma gefe, sai layin ya yi maka kamar yana kallon hagu. Yanzu shawara biyu ke kanka, ta baya da ta gefe, hannu kuma zai bi tsakaninsu ya ɓata duka. In hakan ta faru, ko dai ka amince da layin ɗungurungum, ko ka ja da baya ka mayar da alama ka sake saitawa.

Ta huɗu kuwa lokaci ce. Dokokin 2019 sun ba da shawarar kada bugu ya wuce daƙiƙa 40 daga lokacin da ya zama naka. Mai gyara layi sau biyar yana gajiyar da abokan wasansa da waɗanda ke jira a baya. Dabarar ita ce ka karanta girin tun wasu na bugawa, ka yi gyara sau ɗaya ko biyu, ka buga.

Ko a cikin manya ra'ayi ya rabu. Tiger Woods, mai manyan kofuna 15, an san shi da layi a jikin ƙwallonsa. Shi kuwa Scottie Scheffler, a Maris ɗin 2024 ya canza fota zuwa mai faffaɗan kai, ya daina saita layin ƙwallo, ya ci gasar Arnold Palmer Invitational da ratar bugu biyar, a watan Afrilu kuma ya ɗauki kofin Masters. Kowannensu ya bi abin da ya dace da idonsa ne.

Gwajin da za ka iya yi a hostal

Akwai filayen golf a Kaduna da Kano da Zariya da Jos da Abuja, kuma da yawa daga cikin ƙwararrun 'yan golf na Nijeriya da ɗaukar jaka suka fara. A wasu filayen yankunan da ruwa ke da wuya, maimakon ciyawa yashi ne da aka cakuɗa da mai ke kewaye da rami, ana share wa ƙwallo hanya kafin a buga. Lissafin digiri ɗaya bai canza ba ko a kan yashi ne. Amma ba sai ka je fili za ka fara ba. Tsohuwar ƙwallo biyu ko uku, fotar aro, darduma mai laushi da kofin shayi da aka kwantar sun isa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Gwaji na farko na ajiyewa ne. Ka yi alama a jikin bango da nisan mita 3, ka saita layin ƙwallo gare ta daga baya. Abokinka ya ɗora doguwar rula a kan layin ba tare da ya motsa ƙwallon ba, ya ja zare ya bi gefen rular har bango, ku auna tazarar da aka kauce. Ku yi sau goma ku rubuta. In mafi yawa sun faɗa cikin santimita 5 dama ko hagu, hannunka ya iya ajiyewa. In kullum gefe ɗaya kake kaucewa, ka gano halin idonka.

Na biyu na tsayuwa ne. Ku saita layin daidai da taimakon zaren, sannan ka tsaya kamar za ka buga. Shin layin ya yi maka kama da miƙaƙƙe? In bai yi ba, ka ɗan matsa kusa da ƙwallon ko ka ja baya, ka ɗaga kai ko ka ƙara sunkuyawa, har ka samu tsayuwar da abin da kake gani ya yi daidai da abin da zare ya ce. Yawanci idanu suna kan ƙwallon ne ko ɗan ciki kaɗan ta ɓangarenka. Ka haddace wannan tsayuwar.

Na uku na mirginawa ne, kuma a nan layi ya zama malami. In ka buga da tsakiyar fota, fuskarta a miƙe, layin zai riƙa juyawa a kan kansa kamar tayar keke mai lafiya, ka gan shi siriri har ƙwallon ta tsaya. In fuskar ta karkace ko ka shafi ƙwallon ta gefe, zai yi ta rawa kamar tayar da ta lanƙwashe. Ko wanda ba ya son layi a lokacin wasa yana ƙaruwa da wannan a wurin atisaye. Zare da rula dai na atisaye ne kaɗai, ba a fito da su a tsakiyar wasa.

Na ƙarshe, ka buga goma da layi, goma ba layi, daga mita 1 da mita 2 da mita 4. Kada ka yanke hukunci a rana ɗaya, domin bugu goma sun yi kaɗan, sa'a tana iya rinjaye. Ka maimaita har mako biyu, kana rubuta waɗanda suka shiga, da waɗanda suka kauce dama ko hagu, da waɗanda suka gaza ko suka wuce. In kaucewar dama da hagu ta ragu da layi, ka riƙe shi. In ka ga gazawa da wucewa sun ƙaru a mita 4, ka ajiye shi don gajeren bugu kawai. In kuwa alƙaluman sun zo ɗaya, ka huta da tsugunno, ka juya farin gefe sama ka buga abinka.